Kada Ki Sauka Sai Mun Haye

Sun kwashe tudun nan. Da a bakin wani na ji, da na ce zuƙi ta malle ce, amma da idona na gani, ranar da 'yata ta fari ta ɗauke ni muka tafi gaisuwar mutuwa ƙauyenmu, can arewa da Babura, dab da iyaka. Ita ke tuƙi da kanta, jinin ubanta ne, ba ta yarda kowa ya riƙe mata sitiyari. Kwalta ce shimfiɗe tun daga Kazaure, mota na tafiya sumul, ga sanyi na fitowa ta wasu 'yan ramuka har sai da na ja mayafi na rufe kafaɗa. Da muka wuce Babura na ce mata ta rage gudu, akwai wurin da nake son gani. Na duba dama, na duba hauni, ban ga komai ba sai wani makeken rami, tifofi sun yi layi a bakinsa, samari na watsa musu rairayi da shebur, can gefe kuma ana buga bulo. Na ce, "Ke, ko mun wuce ne?" Ta ce, "Inna, nan ne fa. Ga aduwar can da kike faɗa." Aduwar kuwa tana nan, ita kaɗai suka bari.

Ba na faɗin sunanta, 'yar fari ce, mu haka muka taso. Ta Tudu nake ce mata, yau ga ta da jikoki amma sunan bai bar ta ba. Ubanta ma sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuwa yanzu da yake kwance a makwancinsa zan fara ba. Direba nake ce masa in muna shiri. In ya ɓata min rai, sai in ce mai motar nan.

Babbar mota yake ja, mai bodin katako, irin wadda ake tayarwa da ƙarfe ta gaba, a yi ta juyawa tana tari kamar tsoho mai shan taba kafin ta kama. Hatsi da gyaɗa yake kwasowa daga Roni da Gwiwa ya kai kasuwannin iyaka, ya dawo da kanwa da dabino. Tun kafin kiran salla nake tashi in dama masa fura in ɗura a gora, in cika salka da ruwa a rataye ta a jikin mota don iska ta sanyaya ta. Ranar dawowarsa kuwa ba sai an gaya min ba. Da ya kawo tsakanin duwatsun Kazaure zai danna oda, abin nan da yaran yanzu ke ce wa hon, ƙarar ta daki dutse ta dawo, duk unguwa a ce min, "Amarya, ɗora ruwan wanka, ga naki nan." In na zo wankin kayansa sai na fara zazzage aljihu, rairayi ya zubo tsibi guda a tsakar gida. A hularsa akwai, a kunnensa akwai. Nakan ce masa wata rana sai ya kwaso ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, kaf ya kawo min ɗaki.

A lokacin babu kwalta bayan Babura, jigawa ce zalla, tudun rairayi bayan tudun rairayi. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma da za a ba ni yau na san inda zan bi, domin kullum yana cin tuwo yana yi min karatun rairayi, ko ina so ko ba na so. Yakan ce rairayi ba ya son mai fushi, ba ya son mai gaggawa, ba ya kuma son mai kumburi. Mai kumburin ita ce taya. Kafin ya shiga jigawa sai ya tsaya ya bi tayoyin da tsinken ashana yana rage musu iska, tsiii, har su baje a ƙasa kamar tafin raƙumi. Asuba ce lokacin rairayi, in ji shi, sa'ad da raɓa ta kama shi ya yi tauri. Da rana ta take sai ya saki jiki ya koma gari, ya haɗiye mota har ƙirji. Ba a canja giya a tsakiyar hawa, ba a tsayawa mota na kallon sama, ba a ratsa tudu a karkace. Tudun da bai sani ba, da ƙafa yake fara hawa ya leƙa bayansa, domin gefen da iska ke duka shi ne mai tauri, bayan kuwa laushi ne da gangare. Inda tumfafiya da ƙarangiya suka fito nan yake bi, saiwa ta riƙe ƙasar. In kuwa mota ta kafe, to ka ɗauke ƙafarka daga totur, wanda ya ƙara wuta kabarin motarsa yake haƙa. Akwai wata jarkar ƙarfe bayan kujerarsa, ruwan lagireto ne, ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ka isa ka taɓa ba. Wai fasinja ya iya haƙuri, inji bai iya ba. Sai dokarsa ta ƙarshe, wadda ba ruwanta da rairayi: in an iso gari, direba ba ya barin kujerarsa sai ya ga fasinjansa na ƙarshe ya taka ƙasa lafiya. Kwanan baya jikokina suka nuna min a waya wasu mutane a ƙasar Larabawa suna tsalle da motoci a kan tuddai suna ihu, wai shaƙatawa suke. Na ce Allah ya shirya, da Direba ya gan su da ya ƙwace makullan.

To, sai na samu cikin fari. A zamaninmu mai cikin fari ba ta cewa tana da ciki. Kowa na gani, kowa na yi mata "Allah ya sauke ki lafiya", ita kuwa sai ta sunkuyar da kai kamar da wata ake. Kalmar haihuwa ma ba ta fitowa a bakin mace gaban maza, sai dai a ce wance ta sauka. Yanzu kuwa jikata har hoton abin da ke cikinta ta kawo min daga asibiti, tana nuna min wai ga hanci. Da cikin ya tsufa aka ce a mai da ni gidan iyayena goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, in haihu a hannun mahaifiyata. Gwaggon Direba, ƙanwar babansa, ita aka sa ta raka ni. Mace ce mai faɗa, amma ga alkunya, ko sunan ciki ba ta kamawa, sai dai ta ce "nauyin nan".

Da aka idar da sallar asuba muka tashi. Ya sa ni a gidan gaba, ya tara min matashin kai har biyu, shi yana dama, Gwaggo tana hauni. Mutumin da ya saba cin hanyar Babura kafin rana ta fito, ran nan lallaɓa motar yake kamar mai ɗauke da ƙwai, ko ɗan rami ya gani sai ya kewaye. A Babura aka ɗauki fasinja a kan buhuna, cikinsu har da wani ɗan koli Kirista, mutumin kudu, wanda kowa ke kira Mai Madubi, da wata dattijuwar Bafillatana da ta sayar da nononta na sammako za ta koma ruga. Kafin a gama ɗaure kaya hantsi ya dubi ludayi. A nan Babura marata ta fara ɗaurewa, bayana kamar ana sara. Na cusa bakin mayafi a baki na ciza. Za ku ce me ya hana ni magana? Ga mijina, ga gwaggonsa, da wane bakin zan faɗa?

Rana ta take sa'ad da muka iso gindin babban tudun, wanda in ka haye shi ka hango rimin ƙauyenmu. Ya tsaya ya rage iskar tayoyi, ya ɗebi rairayin ya murza, ya daɗe yana kallon sama. Na san abin da ke ransa, so yake mu fake a inuwa sai la'asar ta yi sanyi. Sai ya leƙo ya ga gumi na zuba a fuskata. Shi a zatonsa zafi ne ya dame ni. Ya ce, "Yarinyar nan ta gaji, bari mu gwada." Ya ja baya ya ɗauko gudu, motar ta hau, ta hau, tana gurnani, har muka wuce rabi. Daidai wata aduwa sai na ji ta yi nishi, ta zauna.

Ya kashe ta nan take, ya diro yana cewa, "Kowa ya sauka! A rage nauyi!" Ni kuwa ya juyo ya ce, "Ke ki zauna, rairayin nan zai toya miki ƙafa." Ya ciro shebur da zanar da yake shimfiɗa wa tayoyi, ya shige ƙarƙashin mota, mazan suna taya shi haƙa. Ana cikin haka faya ta fashe. Gwaggo ta dubi zanena, ta dubi fuskata, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Tun yaushe?" Na sunkuyar da kai. Ta leƙa ta taga, ga maza ko'ina, ta rage murya iya yadda za ta iya.

"Kai, ɗan nan! Yarinyar nan fa sauka za ta yi."

Daga ƙarƙashin mota ya ce, "Gwaggo, kada ta sauka. Na ce ta zauna. Ita nauyinta nawa yake?"

"Na ce maka sauka za ta yi, yanzun nan!"

"Haba Gwaggo! In zagayawa ce ta ɗan daure mana. Ke, kina jina? Kada ki sauka sai mun haye!"

Wallahi ina tsakanin rai da mutuwa, amma sai da dariya ta so ƙwace min. Bafillatanar nan ce ta matso, ta leƙa ta ga halin da nake ciki, ta sunkuya ta buga jikin motar da tafin hannu.

"Kai Kaɗo, rairayi ne ya toshe maka kunne? Wannan saukar ba a tsai da ita da birki. Haihuwa matarka za ta yi!"

Sai na ji ƙum, kansa ya daki ƙarfen mota. Mazan nan kowa ya kau da kai, wani na gyara hula, wani na kallon takalminsa. Shi kuwa ya fito fuska duk rairayi, ya sa aka juya ƙarfe, ya faɗo kujera, ya take totur iya ƙarfinsa. Mutumin da ya koya wa rabin direbobin Kazaure kada su yi haka! Tayoyin suka yi ta watsa rairayi sama, motar na nutsewa, na nutsewa, har cikinta ya kwanta a ƙasa. Gwaggo ta ɗirka masa duka a kafaɗa ta ce, "Binne mu za ka yi?" Ya ɗauke ƙafa. Ya kifa goshi a kan sitiyari. Da ya ɗago, idonsa ja wur, ya ce, "Gwaggo, me zan yi?" Ta ce, "Fita za ka yi ka ba mata wuri."

A gefen da motar ta yi inuwa suka sauko da ni. Direba ya jawo zanar daga ƙarƙashin taya ya kakkaɓe ya shimfiɗa. Mai Madubi ya kwance ƙunshin kayansa, ya warware sabuwar atamfa fil, ya ɗaura daga jikin mota zuwa reshen aduwa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Mama, a yi amfani, Allah zai taimaka." Mazan suka koma can bayan mota. Ina ta jan zane ina rufe jiki, Bafillatanar ta ture hannuna ta ce, "Yarinya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Durƙusa." Na durƙusa, gwiwoyina suka lume a cikin rairayi ta ramukan zana. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Mahaifiyata tana bayan tudun nan, tafiyar da ba ta fi a yi ta da ƙafa ba, ni kuwa na sakankance a nan zan mutu ban gan ta ba. Ita nake kira a raina, da baki kuwa ko uffan ban ce ba, domin an ce mai kuka a haihuwar fari sai an yi mata waƙa a dandali.

Da Allah ya kawo sauƙi, ta faɗo. Na saurara in ji kuka, shiru. Na waiwaya na gan ta a hannun Bafillatanar, 'yar mitsitsiya, jikinta a sake, launinta kamar toka. Matar ta tsotse mata hanci ta tofar, ta kifa ta tana murza bayanta, ta ce, "Ruwa." Salka babu ko ɗigo, masu haƙa sun shanye. Gwaggo ta manta da alkunya ta kwarma ihu, "Ruwa! A kawo ruwa!" Sai ga hannu baƙi ƙirin da man mota ya turo jarkar ƙarfen nan ta ƙarƙashin atamfa. Aka yayyafa mata, aka sake murzawa. Shiru. A gida, jaririn da ya zo bai yi kuka ba kwano ake bugawa kusa da kunnensa don ya firgita ya ja numfashi. Gwaggo ta ce, "Kwano! A buga kwano!" Ina kwano a tsakiyar jigawa? Bafillatanar ƙwarya gare ta, mu gora. Gwaggo na kuka tana cewa, "Ku buga wani abu mana, ku buga ko mene ne!" Na ji takun gudu, na ji an buɗe ƙofar mota. Sai oda. Odar nan da ke tsaga duwatsun Kazaure, ga ta a saman kanmu, har tsuntsayen kan aduwa suka watse. Yarinyar ta zabura, ta dunƙule hannu, ta buɗe baki ta tsala kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba, har yau. Can bayan mota maza suka ɗauki salati, Mai Madubi ma na ji shi yana ta godiya da harshensu.

Da sabuwar reza da zare daga kayan kolinsa aka yanke cibiya. Sauran ruwan jarkar da shi aka wanke mu, ni da ita, har ya ƙare tas. Direba da sheburinsa ya haƙa rami a gindin aduwar, Gwaggo ta binne mabiyiya. Aka miƙa masa jaririyar ya yi mata huɗuba, yana jin kunya yana kau da kai, har ya bar mata tabon baƙin mai a kunne. Mota ba ruwa ba ta tafiya, dole muka kwana a nan. Rugar Bafillatanar ba nisa, ta tafi ta dawo da 'ya'yanta da jakuna, tuluna cike da ruwa, ga madara mai ɗumi. Cikin fasinjan nan babu wanda ya yi ƙorafi, alhali kasuwa suka rasa. Suka sauke buhuna, suka haƙe motar, suka jera mata rassa. Da asuba raɓa ta kama rairayi, motar ta haye a hankali kamar ba ita ce ta jiya ba. Mahaifiyata ta fito da muciya a hannu, ta gan ni da jaririya, ta ce, "Ikon Allah! Na ce a kawo min goyon ciki, sai ga goyon baya."

Maganar nan ta bi shi har tsufansa. Duk cikin da na yi bayan nan, in wata ya kama sai in ce, "Direba, an ba ni izini ko in jira mu haye?" Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba kya mantuwa." A tasha ma abokansa in sun hango shi sai su ɗaga murya, "Kada ta sauka!" Bai taɓa jin haushi ba. Da ƙarfinsa ya ƙare ya ajiye tuƙi, sai ya zauna a ƙofar gida yana sauraron motoci, ya gaya maka wadda mai ita ke wahalar da giya. Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Wata safiya na kawo masa kunu ya kasa sha, na ga idonsa ya canja, na gane. Na riƙe hannun nan da baƙin mai bai taɓa fita daga faratansa ba, sai na ji bakina ya ce, "Direba, kada ka sauka sai mun haye." Ya yi ɗan murmushi, muryarsa can ƙasa, ya ce, "Kin manta abin da Bafillatana ta ce? Wannan saukar ba a tsai da ita da birki." Kafin azahar ya cika. Mutumin da bai taɓa barin kujerarsa kafin fasinja ba, ya sauka ya bar ni a mota.

Duk wannan ne ya dawo min a bakin ramin nan, ina zaune cikin sanyin motar Ta Tudu, tifofi na wucewa da tudunmu a bayansu. Na ce mata, "Ke, sun tafi da mabiyiyarki fa." Ta ce, "Inna, ai shi ke nan, yanzu ina da gado a katangar wani alhaji a Kano." Muka yi dariya, sai dariyar ta juye min, na ja mayafi na share ido. Ta ja mota. Wurin da muka kwana muka wuni a kansa, ban gama share hawaye ba mun wuce shi, ga rimin ƙauyenmu.

A ƙofar gidan makokin ta tsaya ta kashe mota. Ni yanzu sauka daga mota aiki ne, sai na juya, na lalubo sanda, na sauke ƙafa ɗaya, na huta, sannan ɗayar. Mutane na ta yi mata maraba ta taga, suna cewa Hajiya ki fito mana. Na waiwaya in ga abin da ya riƙe ta. Tana zaune a kujerarta, hannu a kan sitiyari, ba ta ko taɓa ƙofarta ba. Ƙafata take kallo, tana jira in taka ƙasa.